Yadda Za Ka Sace Rubutun Surukarka Ka Ci Lambar Yabo da Shi

Idan kai mai zane ne, kana da kwamfuta mai tsada da tabarau mai kaurin baki, amma har yau babu wanda ya taɓa tsayawa ya kalli aikinka sau biyu, to kwantar da hankalinka, ka zo inda za a share maka hawaye. Hanyar da zan koya maka tabbatacciya ce, kuma a farkonta dai ba ta taɓa ba wa kowa kunya ba. Na daɗe ina buga allunan talla a yammacin birnin San Antonio, kuma da idona na ga wani maƙwabcina, Wendell Kubiak, ya bi ta tun daga tushe har ƙarshe. Ya yi suna, an gayyace shi taro ya yi jawabi, an miƙa masa lambar yabo ta gilashi ana tafi. Abin da ya yi shi za ka yi. Kada ka ƙara, kada ka rage.

Mataki na 1: Ka gane abin da duniya ke so

Duniya ta gaji da harafi mai kusurwa. Wannan na kotu ne da asibiti da ofishin haraji, mutum yana hango shi gabansa ya faɗi. Abin da ake rububi yanzu shi ne harafi mai kumatu, ɓul-ɓul, wanda ya ɗan karkace kamar yaro mai koyon tafiya, wanda kana gani za ka rantse wata baiwar Allah ce ta zauna a kicin ta rubuta shi da hannunta tana murmushi.

Fita titi ka duba. Mai askirim da shi yake rubutu, mai kayan jarirai da shi, likitan haƙori da shi. Banki ma ya gano sirrin. Mai gidan haya in zai tashe ka, da shi yake liƙa sanarwa a ƙofa, ka karanta ka ji kamar biki aka gayyace ka. A bayan shagona akwai allon da ke gargaɗin za a ja motarka a kai ta inda sai ka yi kuka kafin ka karɓo, amma haruffan sun yi ƙiba sun yi fara'a, har baƙi na tsayawa ɗaukar hoto a jikinsa.

Ka riƙe wannan da kyau: mutum ba ya iya fushi da harafin da ba shi da tsini. Masana sun tabbatar. Kada ka tambaye ni waɗanne masana.

Mataki na 2: Kada ka yi gangancin zana shi da kanka

Wendell ya gwada, don haka kai ka huta. Mutum ne dogo mai sanyin hali, ya yi karatun zane a jami'a, ya san sunan kowace lanƙwasa da ke jikin harafi. Matsalarsa ɗaya ce, hannunsa. In ya rubuta wa matarsa Araceli abin da za ta sayo, sai ta kira shi daga kasuwa ta tambaye shi albasa yake nufi ko batir.

Saboda haka da kwamfuta ya zana nasa. Ya yi watanni yana gyara, kowace da'ira ta fito cif, ba inda ta fi wani wuri kauri. Ya buga samfuri ya kai wa wata mata mai makarantar rainon yara. Ta ɗaga takardar ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ya yi kyau. Amma me ya sa yake kallona haka?"

Ya ce, "Murmushi yake yi."

"Na gani. Irin na mai tallan inshora."

Ya naɗe takardarsa ya koma gida. Darasin da ke nan shi ne, na'ura ta iya da'ira amma ba ta iya kuskure ba, alhali kuskuren ne mutane ke so. Kai kuwa kuskurenka ba irin mai kyan nan ba ne.

Mataki na 3: Nemo hannu a cikin dangi

Kada ka je nesa. Baƙo yana da lauya, dangi kuwa sai dai su yi fushi su daina gaishe ka.

Uwar Araceli, Doña Amparo (Doña kamar a ce Uwargida ne), tun rasuwar mijinta take sayar da tamale, wato ƙullun masara da ake turarawa a ganye kamar alala, ta wata taga da aka fasa a jikin gidanta, kusa da coci. Kullum da safe sai ta yanko kwali, ta ɗauki maka, wato alƙalamin tawada mai kauri, ta rubuta abin da ta dafa: na kaza, na wake da cuku, na barkono mai sa hawaye. A tsaye take rubutun, harshenta tsakanin haƙora, ba ta gwaji ba ta gogewa. Harafin a nata yana da tumbi kamar wanda ya ci ya ƙoshi. Jelar g ɗinta tana naɗewa kamar ta kyanwa. O ɗinta bai taɓa rufe baki gaba ɗaya ba. Yaran unguwar da dama a jikin wannan kwalin suka fara haɗa baƙi.

Tsakaninta da Wendell babu faɗa. Tana cika masa faranti, tana tambayar lafiyar iyayensa. Sunansa ne dai bai taɓa fitowa daga bakinta ba a shekarun da ya yi yana auren 'yarta. In yana nan, "kai". In ba ya nan, "dogon nan". A jikin kyautar Kirsimeti kuwa sai ta rubuta "Na mijin Araceli". Sau ɗaya ya gwada kiranta Mama, ta waiwaya bayanta don ta ga da wa yake. Daga ranar ya koma Doña Amparo.

Wata Lahadi yana tsaye gefen tagar yana jiran matarsa, sai ya ga wata baƙuwa ta fito da waya. Ya ɗauka abincin za ta ɗauka hoto. Ina, kwalin ta ɗauka, ta matso ta sake ɗauka, ta nuna wa ƙawarta suna dariyar jin daɗi. Wendell ya kalli kwalin nan da ya yi shekaru yana wucewa ta gabansa, ya ji wani abu ya tsaya masa a wuya. Rabi sha'awa, rabi hassada.

In ka ji irin wannan a wuyanka, kada ka sha magani. Ilhama ce.

Mataki na 4: Ka zama surukin kirki dare ɗaya

Doña Amparo ba ta ajiye kwali. Da ta rufe taga sai ta ninke shi ta tura cikin shara. Don haka washegari da yamma sai ga Wendell a bakin ƙofar kicin.

"Doña Amparo, bari in fitar miki da shara."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Me ka fasa?"

"Ban fasa komai ba."

"To me kake shirin fasawa?"

Duk da haka ta miƙa masa ledar. Haka ya riƙa zuwa kullum, ya fitar da shara, ya zare kwalin ya jefa a bayan motarsa. Motar ta ɗauki warin man girki da barkono, har abokin aikinsa ya daina roƙonsa ya rage masa hanya. A gida sai ya baje kwalayen, ya ɗauki hotonsu, ya yanko haruffan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, yana goge ɗigon mai, yana barin karkacewar yadda take.

Araceli ma'aikaciyar jinya ce, tana dawowa a gajiye, ba ta leƙa ɗakin aikinsa. Labarin shara kawai ta ji. Wata rana ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Mama ta ce dogon nan ya fara hankali. Ka san daga bakinta wannan ba ƙaramin yabo ba ne. Na ji daɗi, Wendell."

Ya kasa haɗa ido da ita.

A nan za ka ji kunya. Kada ta dame ka, irin shaƙuwa ce. Ka sha ruwa, ka riƙe numfashi, za ta wuce.

Mataki na 5: Ka cike giɓin da dabara

Kamfani ba ya sayen haruffa guntu-guntu, sai cikakku daga A har Z, manya da ƙanana. Da Wendell ya jera abin da ya tara, sai ya tarar da gurbi biyu babu kowa: K da W. Da Sifaniyanci take rubutu, shi kuwa Sifaniyanci kusan ba ya hulɗa da waɗannan biyun. Ya zauna yana kallon guraben, sannan ya lura cewa su ne farkon sunayensa biyu. Bai yi dariya ba.

Ya gwada kifa M ɗinta ya zama W, abin ya fito kamar gizo-gizon da aka taka. Ya gwada haɗa K da gutsattsarin wasu haruffa, ya fito da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba irin tsawon da ke ba da sha'awa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce ya miƙa mata maka ya ce ta rubuta sunansa. Ya tsara yadda zai faɗa, ya maimaita a mota, ya isa ƙofar kicin, ya karɓi shara ya fito.

A kasuwa Allah ya kawo masa mafita. Yana tura keken cefane sai idonsa ya faɗa kan tarin 'ya'yan itacen nan da ake kira kiwi. Kalma ɗaya, baƙi huɗu, ga K ga W. Ya sayi kwali guda ya dire mata a kan tebur.

Ta ɗauki ɗaya da yatsu biyu. "Mene ne wannan? Dankali ne ya tsiro gashi?"

"Kiwi ne. Matasa suna son ruwansa da ƙanƙara. Ki sa a allo ki ga layi."

"Matasan wane gari?"

"Na ko'ina, Doña Amparo."

Ta shinshina ta yamutsa fuska, amma ita ba ta iya ganin abinci ya lalace. Ta jawo kwali. "Yaya ake rubuta shi?"

Ya faɗa mata baƙi bayan baƙi. Ta sa harshe tsakanin haƙora ta zana W na farko a rayuwarta, ya fito da ɗuwawu biyu zagayayyu kamar jariri ya zauna a kan yashi. Wendell ya ji kamar ya yi kuka.

"Ki ƙara da ƙananan baƙi a ƙasa. Saboda masu matsalar ido."

"Mai matsalar ido ne zan yi wa ƙaramin rubutu?"

"Haka ake yi yanzu."

Ta rubuta don ya tafi ya ba ta wuri. Ruwan kiwi bai karɓu ba, ko mutum ɗaya bai saya ba, kuma tun da shi ya kawo shawarar, shi aka ɗora wa shanyewa. Ya sha har leɓensa ya yi tsami ya tsage. Kowace sana'a da wahalarta.

Mataki na 6: Ka raɗa masa suna, ka ƙaga masa tarihi

Suna ya zama mai laushi, kuma a ji ƙamshin naka a ciki. Wendell ya kira nasa Wendelina.

Tarihi kuwa dole ne, domin ba a sayen harafin da ba shi da labari. Kada ka yi ƙarya tsagwaro, ana iya kama ka. Ka faɗi gaskiya daga nesa. Shi ga abin da ya rubuta a shafinsa na intanet: wai ya yi shekaru yana yawo a tsofaffin unguwannin birni yana sauraron muryar bango, har hannunsa ya koyi yaren talakawa. Duk wanda ya karanta sai ya gyaɗa kai. Babu wanda ya tambaye shi wane bango.

Mataki na 7: Ka karɓi yabo da sunkuyar da kai

Wendelina ya tashi kamar wutar daji. Ya hau kwalin madarar yara, ya hau motar masu wankin karnuka, ya hau rigunan 'yan gudun sada zumunci. Wani asibitin haƙori ya rubuta "Ba zafi" da shi, mutane suka yarda. Aka gayyaci Wendell taron masu zane a birnin Austin, ya sa baƙar riga, ya tsaya gaban majigi yana nuna tumbin a da jelar g, yana bayanin dalilin da ya sa ya bar bakin o a buɗe. Ya ce alama ce ta cewa zance bai ƙare ba. Wata ɗaliba a layin gaba ta rubuta wannan a littafinta.

Gaskiyar magana, a ranar ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Da ya riƙe lambar gilashin nan, sai da ya ɗan manta cewa ba shi ya zana ba. Ai shi ya goge ɗigon man. Ai shi ya sha kiwi.

Hatsari ɗaya ne ya taso, daga cikin gida. Araceli ta dawo daga aiki ta ce an liƙa sababbin sanarwa a ɓangaren yara, da rubutun nan nasa.

"Kowa na yabawa. Amma ni ban san me ya sa ba, in na kalle shi sai in ji kamar na bar kwanuka ban wanke ba."

Ya ce, "Haka kyakkyawan zane yake. Yana taɓa kowa a inda yake da rauni."

Ta yi hamma ta wuce wanka. Ka haddace wannan amsar, za ta yi maka amfani.

Mataki na 8: Kada ka taɓa karanta sunan mai saye

Ta intanet ake saye, na'ura ce ke karɓa ta ba da izini. Kai naka ka ga saƙo ya shigo ka yi murmushi. Wendell bai taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Tsallaken titi daga tagar Doña Amparo akwai wani tsohon shagon faci da ya daɗe a rufe. Rana ɗaya aka zo aka shafe shi da fenti ruwan ɗorawa, aka sa gilasai da na'urar sanyaya ɗaki da kujerun roba masu launi. Wani kamfanin abinci ne mai rassa a garuruwa da yawa, wanda tamalensa a daskare suke zuwa cikin babbar mota daga masana'anta. Ranar da aka ɗaga allonsu, kowane harafi ya fi mutum tsawo, an rubuta: "Girkin kaka, da hannunta." Ga a da tumbinsa, ga g da jelarsa.

Mutanen unguwa ba su nemi ganin suna ba. Wannan hannun sun san shi kamar yadda suka san fuskarta. Wasu suka zo yi mata murna, wai ashe arziki ya zo, ta buɗe babban wuri ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce ba nata ba ne, suka yi dariya suka ce Doña Amparo akwai ɓoye abu. Wasu suka tsallaka can, tun da ga sanyi ga wurin zama, kuma ai duk girki ɗaya ne. Layin da ke bakin tagarta ya fara gajarta. Tukunyar da ke ƙarewa kafin azahar ta koma kaiwa yamma da saura.

Ita ba ta ɗaga kai ta kalli allon da kyau ba, don ta rantse ba za ta ba su wannan darajar ba. Sai da aminiyarta Doña Chayo, wadda suke zama benci ɗaya a coci, ta zo ta tsaya a bakin taga, jaka a hammata, ba ta ko gaishe ta ba.

"Amparo, na ci na wancan shagon naki."

"Ba ni da wani shago."

"Kamar soso. Na tauna na tauna na rasa inda kazar take. Ke da ko gishiri sai kin ɗanɗana sau uku? Idan kuɗi kike nema ai sai ki faɗa mana mu haɗa miki, ba ki sa hannunki a wannan abin kunya ba."

"Wane hannu?"

Doña Chayo ta nuna tsallaken titi da haɓa.

Daga ƙofar shagona na ga sauran. Doña Amparo ta cire atamfar girkin da take ɗaurawa a kan kayanta ta ninke, ta fito ta ratsa titi ba ta duba mota ba, har wani direba ya taka birki ya leƙo zai yi magana, ya ga fuskarta ya fasa. Ta tsaya ƙarƙashin allon, ƙaramar mace, kanta a ɗage. Ta daɗe a haka. Sannan ta matsa bakin ƙofa, inda aka rubuta kalmar maraba ta Turanci a jikin gilashi. Da W kalmar take farawa. Ta sa yatsa ta bi ɗuwawunsa biyu a hankali.

Rana ɗaya tak ta taɓa rubuta wannan harafin, kuma mutum ɗaya ne yake tsaye a kanta.

Mataki na 9: In an kama ka, ka yi bayani da manyan kalmomi

Ranar Lahadi aka zauna cin abinci kamar kullum. Ta zuba wa Araceli, ta zuba wa kanta. Farantin Wendell kuwa ta ajiye masa shi da takardar jerin abincin kamfanin a shimfiɗe a kai, cokali a gefe.

Araceli ta kalli takardar, ta kalli uwarta, ta sake kallon takardar. Ana gani fuskarta ta sauya.

"Wendell. Rubutun Mama ne wannan."

Ya gyara tabarau. Ya ce girmamawa ce. Ya ce adana al'adar unguwa ce don 'yan baya. Ya ce a duniyar zane babu wanda ke ƙirƙira daga babu, kowa a kafaɗar wani yake tsaye.

Araceli ta ce, "A cikin shararta ka tsaya. Ni kuma ina ta gode maka."

Wannan ta fi komai yi masa ciwo.

Doña Amparo ta ci loma biyu kafin ta yi magana, kuma ba ta ɗaga murya ba.

"Kiwi," in ji ta. "Na ɓata sukarina, na ɓata ƙanƙarata. In W kake so, me ya hana ka ce in rubuta sunanka?"

"Ba za ki rubuta ba, Doña Amparo."

"Gaskiya ne. Amma da na ji daɗin ƙi."

Ta tambaye shi ko zai iya sa su sauke allon. Ya ce ya riga ya buga waya, ya roƙa, har ya ce zai zana musu wani kyauta. Sun ce takardar izinin da na'urarsa ta ba su ba ta da ranar ƙarewa, kuma shi ya rubuta sharuɗɗan da kansa.

"To hannuna ya zama nasu ke nan."

"A takarda ne kawai."

"A takarda nake amfani da shi."

Ta sa hannu a aljihu ta fito da makarta mai kauri, wadda bakinta ya baje saboda aiki, ta ajiye kusa da farantinsa.

"In na ci gaba da rubutu, talla nake musu kyauta. Na daina. Gobe kafin in ɗora tukunya ta biyu ina son ganinka. Ka zo da hannunka, ka bar kwamfutar a gida."

Araceli ba ta yi masa magana a mota ba. Lambar gilashin da ke kan talabijin ma da ya waiwaya washegari bai gan ta ba, daga baya ya same ta tana tokare ƙofar bayan gida.

Mataki na 10: Ka girbi sakamako

Haka Wendell Kubiak, mai lambar yabo, ya koma tsayawa a kicin ɗin surukarsa kullum da sassafe, kwali a gabansa, tana faɗa yana rubutawa. Kwalin farko da aka rataye, wani dattijo ya sa tabarau ya cire, sannan ya leƙa taga.

"Doña, yau tayar mota kike sayarwa?"

"Na kaza ne. Surukina ne ya rubuta."

"Allah ya ba shi lafiya."

Labari ya zaga unguwa cewa Amparo ta daina rubutu, kuma an san dalili. Doña Chayo ta zo ta sayi dozin biyu ba ta ce komai ba, wanda a wurinta shi ne ban haƙuri. Da yawa sun dawo, don duk wanda ya ga wannan kwalin ya san ba kamfanin da zai yarda a rataya masa shi. Wasu kuwa sun saba da sanyin can, ba su dawo ba har yau. Allon yana nan tsallaken titi, ana kunna masa fitila da yamma. Doña Amparo ta matsar da kujerarta ta juya masa baya.

Ba ta koya wa Wendell da baki. In ya yi harafin da bai yi mata ba, sai ta juya kwalin ta tura masa bayansa. Wani lokaci yana rubutu sai ya hango yatsunta suna motsi a kan atamfa, suna bin harafin da yake yi, sai ta lura ta tura hannun cikin ƙullu. Araceli ta koma yi masa magana bayan wani lokaci, da farko a kan abin da ya shafi gida kawai.

Ana cikin haka, wata safiya sai ga wani saurayi da gajeren wando da jakar goyo ya tsaya gaban tagar. Ya fito da waya ya ɗauki kwalin hoto, ya matso ya sake ɗauka. Ya ce daga wani kamfanin talla yake. Ya ce harafi mai kumatu ya tsufa, kowa ya gaji da shi, yanzu abin da ake nema shi ne rubutu mai rauni, mai rawar jiki, wanda ke nuna mai shi ya sha wahala. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya kai wannan ba. Wa ya zana?

Wendell yana tsaye a bayanta riƙe da maka, tawada a yatsunsa. Tun da yake, wannan ne karo na farko da wani ya nemi abin da ya fito daga hannunsa shi kansa. Ya buɗe baki.

Doña Amparo ta riga shi.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji ta. "Bai gama koyo ba."

Ta naɗe wa saurayin tamale biyu, ta sallame shi. Sannan ta juya kwalin ta tura wa Wendell bayansa, ta ce g ɗin nan kamar ƙugiyar mahauci, ya sake. Ya sunkuya ya sake, kuma na lura harshensa na tsakanin haƙoransa.

Sanarwar kare kai

Mai wannan jagora ya yi alkawarin suna da lambar yabo, kuma an samu, don haka ya fita. Duk abin da ya biyo baya, ko tsagewar leɓe ne, ko shirun mata, ko tashin sassafe har illa masha Allahu, tsakaninka ne da surukarka, shagona ba ya ciki. Ba na zuwa biko, ba na shiga sulhu, ba na tsayawa shaida. In kuma ka bi matakan nan aka rufe maka taga gaba ɗaya, ba a ko miƙo maka maka ba, to ka sani ba kowa ke dacen suruka irin ta Wendell ba, kuma wannan tun wajen neman aure ya kamata ka duba.